Hayar gona: a rubuta "damina biyu" ko "shekara biyu"?

Ɗan Kusugu: Salamu alaikum. Zan karɓi hayar gonar kawuna a hanyar Zango. Mun daidaita kan kuɗi, saura rubutu gaban mai unguwa ranar Juma'a. Shi "damina biyu" ya ce. Ni kuma na fi son a sa shekara biyu da kwanan wata, don bana zan zuba takin shanu, kuma sai baɗi yake nuna kansa sosai. Dattijo ne, ba na son ya ga kamar ban yarda da shi ba. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka rubuta?

Na Sandamu: Wa alaikumus salam. Nawa ya ba ka? Mu nan dubu 70 ake bayar da mai cin kwano goma na iri.

Baban Yara: Dubu 70 a ina, Malam? Bara dubu 150 na biya, kuma jigawa ce.

Na Sandamu: To an cuce ka.

Manomin Baure: Ɗan'uwa, ka ji daga bakin wanda abin ya ci. Damina uku muka yi da wani, da baki, gaban shaidu. A ta ukun ina gama yankan gero sai ga aike wai damina ta ƙare. Dawata na tsaye ba ta nuna ba, wake ko fure bai gama ba. Na ce ai kaka ba ta wuce ba, ya ce shi damina ya ba ni, ba kaka ba, ruwa ya ɗauke magana ta ƙare. Shaidun suka rabu biyu. Kafin a sasanta ya saki shanunsa, harawar da nake sa ran ta maida mini kuɗin taki ta tafi. Har yau ba ma gaisawa, kuma masallacinmu ɗaya.

Baban Yara: Innalillahi. Allah ya maida maka da alheri.

Manomin Baure: Amin. Karan dawar ma da na ce a bar mini in yi darni, ya hana.

Malamin Firamare: Shekarar ma sai an fayyace wacce. Ta Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Bature 365. Idan kawu ya lissafa daga Sallar Gani zuwa Sallar Gani, kowace shekara kwana goma sha ɗaya ke zamewa, cikin shekara biyu ka rasa kusan mako uku. A sa ranar Bature a lamba.

Manomin Baure: Malam, ka taɓa riƙe hauya? Ruwa ba ya duba kalanda. In damina ta makara, ranar taka za ta cika dawa na gona. A rubuta "har a kwashe amfanin gona duka, da kara da harawa".

Malamin Firamare: Gidan noma na tashi, Yaya. In an je gaban alƙali lamba ce ke magana.

Autan Hajiya: Ku dai kada a rubuta "kwana biyu". Maƙwabcinmu ya ari buhun gero ya ce kwana biyu, yaron da aka haifa watan yanzu yana zuwa makarantar allo 😂

Maman Ihsan: Ai gara wannan da "jibi" ta tela. Tun farkon azumi na kai ɗinkin yara. Gobe, jibi, gata, citta, duk ya lissafa mini, har aka ga wata. Da tsofaffin kaya suka je kallon hawan Sarki.

Na Sandamu: Hajiya, su ma wuta ce ba sa samu.

Maman Ihsan: To ya faɗi gaskiya mana, ya ce bayan Salla. Kuɗin ai tun ranar ya karɓe.

Ɗan Kusugu: Jama'a, jibi ne fa Juma'ar. In haɗa duka biyun a takarda ɗaya zai yiwu?

Baban Yara: Hajiya, wane layi telan yake? Kamar shi ne ya riƙe mini shadda tun watan Cika-ciki.