Tseren iyo, keke da gudu karo na farko don tara kuɗin agaji: mako 16 ya isa?

Bakatsinen Mancesta:
Assalamu alaikum jama'a. Na yi rajistar tirayatilon, wato tseren nan da ake haɗa iyo da keke da gudu a jere, a nan Ingila cikin watan Yuni. Gajeren zango ne: iyo mita 750 a tafki, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Niyyata in tara wa wata ƙungiyar agaji mai haƙa rijiyoyi kuɗi. Saura mako 16, kuma azumi zai ci wata guda a ciki. Gudun kilomita 3 ba ya gagara ta, ina da tsohon keke, amma iyo da ƙyar nake kai mita 50 numfashi ya ƙare. Yaya zan raba lokacin? Kuma kuɗin, ta wace hanya ya fi tsabta a karɓa?

Sarkin Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ya isa, da sharaɗin ka ba ruwa rabin lokacinka. A keke in ka gaji sai ka rage feda, a gudu sai ka koma tafiya, amma tsakiyar tafki babu inda za ka dafa.

Ƙarewar numfashi a mita 50 ba rashin ƙarfi ba ne. Yawanci mutum yana riƙe numfashi ne idan fuskarsa na cikin ruwa, sai ya ɗago yana son ya fitar ya kuma shaƙa a lokaci guda, ba ya samun ko ɗaya. Gyaran: fuska na cikin ruwa kana fesar da iska ta hanci da baki ba tsayawa, juyowa gefe don shaƙa ne kawai. Kuskure na biyu ɗaga kai sama. Da ka ɗaga kai ƙafafu sun nitse, ka koma jan jikinka kamar buhun hatsi. Ka dubi ƙasan wurin iyon, kunne ɗaya ya zauna cikin ruwa lokacin shaƙa.

Sau uku a mako, minti 30 zuwa 40. Wurin iyo mai tsawon mita 25, tsallakawa 30 ke ba ka mita 750. Kada ka ce za ka yi su a jere tun yanzu. Fara da tsallakawa ɗaya, hutun daƙiƙa 30, sau 12. Idan ya zauna, koma bibbiyu, sannan hurhuɗu. Zuwa mako na 10 ka iya mita 400 ba tsayawa, mako na 13 ka cika 750. Ka biya mai koyarwa ko da darasi huɗu ne, domin kai ba ka ganin abin da hannunka ke yi.

Tafki kuma wata duniya ce. Ruwan duhu ne, babu layin da ake bi a ƙasa kamar na wurin iyo, ga sanyi. Da sanyin ya taɓa fuska ƙirji kan ɗaure, numfashi ya riƙa fizga, a nan ne sababbi ke firgita. Don haka ka shiga tafkin da ke da masu tsaro aƙalla sau uku kafin ranar, sanye da rigar robar iyo da za ka yi tseren da ita (ana bayar da ita haya). Ka jiƙa fuska da wuya, ka bari ruwa ya shiga rigar, ka jira minti biyu kafin ka fara. Ka koyi leƙa gaba bayan kowane bugun hannu shida zuwa takwas, in ba haka ba ka yi ta karkata ka ƙara wa kanka mita 100 a banza. Ranar tsere ka tsaya baya ko gefe, ka bar masu gaggawa su shushshuri juna. Idan abu ya rikice, kwanta rigingine ka ɗaga hannu ɗaya, masu kwalekwale za su zo. Rigar kanta tana tallafe mutum a saman ruwa.

Mai Faci:
Tsohon kekenka ya wadatar, ɗan'uwa, kada ka kashe kuɗin da ya fi abin da za ka tara. Kai shi wurin mai gyara ya duba birki, sarƙa da tayoyi. Tsayin sirdi: ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. In ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne zai biya. Ka riƙa sa giya mai sauƙi kana juya feda kamar sau 85 zuwa 90 a minti. Giya mai nauyi ita ke cinye cinyar da za ka yi gudu da ita.

Abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne yadda ƙafa ke zama idan an sauko daga keke, kamar ba taka ba. Daga mako na 8, sau ɗaya a mako: keke minti 40, ka sauka, ka sa kambas, gudu minti 10 nan take da gajerun taku.

Dokoki biyu da ke jawo hukunci: ba a taɓa keke a ma'ajiyarsa sai an ɗaure hular kwano, ba a kuma kwance ta sai an mayar da shi, sannan ba a bin bayan wani kurkusa don ya tare maka iska, tazarar mita 10 ce ko 12 gwargwadon dokar gasar. Hawa ma sai ka tura keken ka wuce layin da aka shata. Ka ɗauki tib na safaya da famfo, ka gwada canza shi a gida sau biyu.

Hajiya Mai Lissafi:
Batun kuɗi, Malam. Da farko ka duba lambar rajistar ƙungiyar a shafin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales. Sannan ka buɗe shafi a JustGiving, dandalin intanet na tara kuɗin agaji, ko makamancinsa wanda aka ɗaure da ƙungiyar kai tsaye, kuɗin su tafi wurinta ba tare da sun bi ta asusunka ba. Wannan shi ke raba ka da zargi. Akwai riba kuma: tsarin Gift Aid yana sa gwamnati ta ƙara kashi 25 cikin 100, fam 100 ya zama fam 125, amma sai mai bayarwar yana biyan haraji a Birtaniya. Abin da 'yan'uwa za su turo daga Katsina ko Maraɗi ba ya ciki, kuma kada ka haɗa kuɗin mutane ka zuba da sunanka ka nemi ƙarin, ya saɓa ƙa'ida. Kuɗin rajista da hayar riga daga aljihunka, ka kuma rubuta haka a shafin. Ka tambayi wurin aikinka, wasu kamfanoni suna ninka abin da ma'aikaci ya tara.

Sarkin Ruwa:
Na manta azumi. Kada ka ƙara nauyin atisaye a watan, riƙe abin da kake da shi kawai. Iyo bayan buɗa-baki da kamar awa ɗaya da rabi, ko bayan tarawihi in wurin na buɗe, saboda da rana sai ka haɗiyi ruwa. Keke marar wahala na minti 30 dab da magariba ba laifi.

Mai Faci:
A nan ban bi ka duka ba, Sarki. Keke a titi da yamma, ga ƙishirwa ga motoci, ba na ba da shawararsa. Gara na cikin ɗakin motsa jiki. Gudu kuma sau biyu a mako ya ishe shi, kada ƙarin gudun ya wuce kashi goma cikin ɗari kowane mako, in ba haka ba ƙwauri zai fara ciwo. Makon ƙarshe ya rage komai zuwa rabi. Ranar tsere karin kumallo awa uku kafin farawa, abin da cikinsa ya saba da shi, gorar ruwa rabin lita a keke. Ya barbaɗa hoda cikin kambas, domin jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ta shiga da sauƙi.

Bakatsinen Mancesta:
Allah ya saka da alheri. Na samu mai koyar da iyo ranar Asabar. Hajiya, ƙungiyar tana da lambar rajista, na duba.