Zan dawo Kano da zama, me ya kamata in sani?

Baƙuwa: Salam 'yan uwa, an yi wa maigidana canjin wajen aiki daga Gusau zuwa Kano, ni kuma ban san kowa ba, don Allah a ba ni shawara.

Ɗan Fagge: Hajiya kar ku yarda ku biya kuɗin haya sai kun ga gidan da idonku, dillalai akwai daɗin baki, ku tambayi maƙwabta ko ruwa na kwanciya a layin da damina, kuma akwai rijiya ko sai 'yan ga-ruwa.

Maman yara: Kayan miya Yankaba, atamfa Kwari, hatsi Dawanau. Kuma ki yi ciniki kafin ki hau adaidaita, in suka gane baƙuwa ce ke, hmm.

Dattijo: 'Yata, maigidanki ya je ya gaida mai unguwa, ya riƙa sallah a masallacin layi. Ke kuma ki shiga Islamiyyar matan aure, nan za ki yi ƙawaye.