Zagaye ko murhu? Ana neman suna kafin Asabar

Malam_Aboabo: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan yi wa 'yan WASSCE bitar bayoloji da Hausa a nan Kumasi. Me za mu kira abin nan da Hans Krebs ya bayyana a 1937, wato hanyar da ƙwayar halitta ke bi ta tatso makamashi daga abinci? "Zagayen asid ɗin sitirik" ya yi wa baki nauyi.

Hajiya_Asawase: Wa alaikumus salam, Malam. "Zagaye" dai ya zauna: oksalo'asitet mai kabon 4 ke karɓar asetil mai kabon 2, su zama sitiret mai 6, bayan matakai 8 a dawo kan oksalo'asitet ɗin. Ka ce "zagayen tsamin lemo", tunda asid ɗin sitirik ne tsamin da ke cikin lemun tsami.

Ɗan_Tafo: A'a Hajiya, yara za su ɗauka shan lemun tsami ne ke tayar da shi. Sitiret ɗin a cikin maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta mai samar da makamashi, ake haɗa shi, daga suga da kitse da furotin.

Baba_Alabar: Ku daina wahala. "Murhun ƙwaya". Itace ya shiga, hayaƙi ya fita, CO2 biyu kowane juyi.

Hajiya_Asawase: Baba, a gafarce ni, murhu zai kayar da su a jarrabawa. Zagayen ba ya taɓa oksijin kai tsaye, kuma ATP, wato makamashin da ƙwayar ke amfani da shi, ɗaya tak yake bayarwa a juyi. Ribarsa NADH 3 da FADH2 ɗaya, su ne 'yan dakon da ke kai elektiron ga sarƙar da ke bangon ciki na maitokondiriya, ita kuma ta miƙa wa oksijin. In oksijin ya yanke, NADH ta rasa inda za ta sauke kaya, NAD+, wato NADH da ta sauke kaya, ya ƙare, zagayen ya tsaya cik. Ƙarancin bitamin B1 ma yana tsayar da shi a matakin alfa-ketogulutaret.

Baba_Alabar: To ko ma mene ne, "kewaye" ake cewa. Ku tambayi Kanawa.

Ɗan_Tafo: Kullum Kano! Hausar Zango ba Hausa ba ce?

Baba_Alabar: Ku masu cewa "mace ya zo"?

Ɗan_Tafo: Kuma ta zo ɗin, kowa ya gane.

Malam_Aboabo: Jama'a, Asabar fa. Na ɗauki "zagayen Krebs", tunda sunan za su gani a takardar jarrabawa. Hajiya, gulukos ɗaya juyi biyu ke nan?

Hajiya_Asawase: Biyu, don fairubet biyu yake haifarwa in an raba shi, kowanne kuma ya ba da asetil ɗaya. Ka sa su ninka komai.

Baba_Alabar: Duk surutun nan, sunan Bature kuka ƙare da shi. Ni dai murhu zan ci gaba da cewa.