Inshorar lafiyata za ta biya malamar asibitin da ke zuwa duba Hajiya a gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata tana fama da hawan jini da ciwon suga, ga ƙafa ta ƙi, zuwa asibiti sai an ɗauko Napep. Akwai wata malamar asibitin unguwarmu, CHEW ce (ma'aikaciyar lafiyar al'umma), tana zuwa gida duk Asabar ta auna ta, in ba ta ɗan na mota da na wahala. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, ana cire mini kuɗin inshora. Zan iya kai musu rasit su mayar mini? Aljihun ya fara kuka wallahi.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Fara duba wannan: tsarin ma'aikata na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ya ƙunshi ke da maigidanki da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, sai an ƙara su an biya daban. Kin ƙara ta?

Mai tambaya: Kai, ban ƙara ba. Na ɗauka tana ciki.

Anti Ladi: Ƙanwata, aikina ke nan shekara da shekaru. Ko kin ƙara ta, inshora asibiti take biya, ba mu ba. Duk wata ana tura wa asibitin kuɗi gwargwadon yawan waɗanda suka yi rajista a can. In na auna Hajiya a cikin asibitin da ta zaɓa, yana ciki. In na zo gidanku bayan tashi aiki, wannan tsakanina da ku ne, rasit ba zai yi komai ba.

Ga hanyar da zan bi in ni ce. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma tsofaffi da marasa ƙarfi na cikin waɗanda ake yi wa rajista kyauta ta hukumar inshorar jiha. Je asibitin mazaɓarku da lambar NIN ɗinta ki nemi in-caj. Gurbin yakan cika, kada ki yi sanya.

Malam Sani: To ba akwai 'yan CHIPS, masu wayar da kai kan lafiya da ke bi gida-gida ba?

Anti Ladi: Akwai, tun 2018, amma ƙarfinsu kan masu ciki ne da yara ƙanana. Gara mai tambaya ta sayi na'urar awon jini ta gida, malamar ta koya mata, zuwan ya koma sau ɗaya a wata.