Regiletar mota za ta yi aiki a ƙaramin jirgin sama?

Ɗan Auyo:
Assalamu alaikum, manyanmu. Jiragen feshin jan-baki da ke zuwa fadamar Haɗeja ne suka jawo mana musu a gareji. In regiletar caji ta ƙaramin jirgi mai injin fistin ta mutu, za a iya sa ta mota? Kuma me ke sa allurar caji rawa?

Malam Injiniya, Kazaure:
Wa'alaikumus salam. Kada a kuskura, ɗan'uwa. Batir mai bolt 12 ana cajinsa wajen bolt 14, mai 24 kuma wajen 28. Jirgin Cessna 172 ya koma 28 daga 14 tun 1978, don haka sunan jirgi bai wadatar ba, sai an duba lambar kayan a littafinsa.

Babban dalilin shi ne kariya. In regileta ta maƙale a kunne, wuta za ta yi ta hawa har ta cinye rediyo, batir ya tafasa. A jirgi akwai abin da ke yanke wutar kwayil ɗin rota da zarar ta kai wajen bolt 16, ko 32 a tsarin 28. Altanetar mota mai regileta a ciki, wata ko ka kashe makunni ba ta daina caji. A sama kuwa babu gefen titi.

Wayarin: daga layin wuta zuwa bireka mai amfiya 5, zuwa makunnin altaneta, zuwa regileta, sannan kan F na altaneta, wanda ke kai wuta kwayil ɗin rota. Waya lamba 18 mai rigar Tefzel, ba mai robar kasuwa ba, don hayaƙinta guba ne.

Mai Wayarin, Bichi:
Batun allura, yawanci regileta lafiyarta ƙalau. Tsatsa ce a bakin makunni ko bireka. Wutar da ke isa regileta sai ta ragu, ta ƙara caji, ta rage, ta ƙara. Kashe inji, kunna makunni, ka auna da mita tsakanin layin wuta da bakin regileta. In faɗuwar ta kai rabin bolt, bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar hunturu ma tana taimaka wa wannan ciwon.

Malam Injiniya, Kazaure:
Haka ne, Oga. Sai dai injin Rotax 912 daban yake: maganaɗisu gare shi, ba wayar F. Regiletarsa tana buƙatar kafasita mai 22,000 µF, kuma zafi ke kashe ta, a ɗaura ta inda iska ke bugawa. Kowane aiki kuma sai injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya sa hannu kafin jirgi ya tashi.