Muhawara: Shin Rage Cin Abinci Yana Ƙara Tsawon Rai?

Alhaji, Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Wani maƙwabcina a kasuwa ya tabbatar mini cewa likitocin Turawa sun gano duk wanda ya rage kashi 30 cikin ɗari na abincinsa zai daɗe a duniya, har shi ya bar cin shinkafar kabsa da rana, sai dabino uku da kofin nono. Ni kuwa na ga abin ya dace da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, saboda haka ban ga abin ja a maganar ba.

Ɗalibin likitanci, Madina: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar tana da tushe, amma a kan dabbobi aka kafa ta. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba, sun fi 'yan'uwansu daɗewa. Da aka koma kan birai sai sakamako ya rabu biyu: Jami'ar Wisconsin ta bayyana a 2009 cewa ragin kashi 30 ya rage mutuwa daga cututtukan tsufa, alhali Cibiyar Nazarin Tsufa ta Amurka ta ce a 2012 ba ta ga ƙarin kwana a nata biran ba. Daga baya aka lura cewa abincin biran Wisconsin sukari ya yi masa yawa, kuma waɗanda ba a rage wa ba an bar su suna ci son ransu, wato mai yiwuwa illar cika ciki aka auna, ba falalar yunwa ba.

Malama, Makka: Alhaji, a yi mini afuwa, amma hadisin bai yi wa kowa alƙawarin shekaru ba, ladabin cin abinci ya koyar. Hadisin da ya ambaci jinkirta ajali shi ne na sada zumunci da ke cikin Buhari da Muslim, kuma ko shi malamai sun yi saɓani kan ko ƙarin kwanaki ake nufi ko albarkarsu. Bai kamata mu jingina hadisi da binciken da gobe zai iya sauyawa ba.

Alhaji, Jidda: Na karɓi gyaran Malama. To amma ɗana, me za ka ce game da mutanen Okinawa na Japan, da aka ce suna tsame hannu tun ba su gama ƙoshi ba, kuma tsofaffi sun yi yawa a cikinsu?

Ɗalibin likitanci, Madina: Al'adar gaskiya ce Baba, sai dai tsofaffin nan sun tashi ne a kan dankalin Hausa da ganyaye da aikin gona, don haka da wuya a ware abu guda a ce shi ne sila. Gwajin da aka yi da mutane shi ne CALERIE a Amurka, inda aka bi mutum 218 tsawon shekara biyu. An nemi wasu su rage kashi 25, amma a ƙarshe kusan kashi 12 suka iya. Hawan jini da kitsen jini sun sauka, jiki ya fi sarrafa sukari, amma ƙarfin ƙashi ya ɗan ragu, kuma shekara biyu ba ta isa a san wanda zai riga wani mutuwa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda: Ni abin da ke damuna, Alhaji, shi ne maƙwabcin nan naka. Na taɓa karɓar wani dattijo mai ciwon suga da aka kawo cikin dare, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na karkarwa, bai ma gane ɗansa ba, saboda ya rage abinci da kansa amma ya ci gaba da allurar insulin yadda ya saba. Dattijo idan ya rame tsoka ce ke zubewa, kuma daga nan faɗuwa da karaya ke biyowa. Mu da ke zagaye tiren mandi, wato shinkafa da nama, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, mu bi da shayi mai cokali uku na sukari, da azumi kuma mu buɗe baki da sambusa da Vimto, ai daga nan ya kamata ragi ya fara.

Alhaji, Jidda: Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin shayin nan nawa ne. Maƙwabcin kuwa na san yana shan wani magani kullum da safe, gobe in Allah ya kai mu zan tambaye shi ko na suga ne. Amma har yanzu ina ganin abin da ya yi wa ɓera da biri amfani ba zai rasa yi wa mutum ba.

Malama, Makka: Ai an ce biran ma ba duka ba ne, Alhaji.