Neman kalma: me za mu ce wa “gaus” da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, dan Allah ku taya ni neman kalma. Wata uku kenan da na shiga wani nadi, wato kulob, a nan Jidda, can wajen Ubhur, ina koyon abin nan da Larabawa ke cewa gaus, Turawa kuma sukuba, wato mutum ya goya asɗuwana, wato silindar iska, a baya ya shiga ƙarƙashin bahar yana numfashi. Mun yi kwana biyu a masbah, wato ginannen wurin iyo, sai nutso huɗu a teku, yanzu takardata ta ba ni izinin sauka har mita 18. Matsalar ita ce jiya na kira Inna a gida ina so in ba ta labari, na rasa me zan ce, bakina ya suɓuce na ce ina koyon nutsewa a Bahar Maliya, wallahi sai salati na ji a waya, ta ce wa ya kai ni, sai da na yi kusan rabin awa ina lallashinta. Iyo bai yi ba don iyo a saman ruwa ake yi. To me za mu ce?

Ɗan Karantina: Ai mu nan kowa gaus yake cewa, mai yi kuma gawwas, ka bar shi haka mana ɗan'uwa, kalmomi nawa muka ara daga Larabci suka zauna.

Mai tambaya: Gaskiya ne, amma mu da muke zaune nan ne kaɗai muka san ta. Ka faɗa wa mutumin Funtua gaus ka ga ko zai gane. Ni so nake Inna ta ji kalmar ta fahimci abin ba sai na yi dogon bayani ba.

Kawu daga Madina: Yaro ai Hausa ba ta rasa kalma ba, akwai nutso akwai kurme. Muna yara a rafi kurme muke cewa, ka ja numfashi ka riƙe ka shige ƙasa ka ɓullo can gaba. Nutsewa kam ita ce ta halaka, Allah ya kiyaye, mahaifiyarka tana da gaskiya da ta tsorata. Ka ɗauki kurme ka huta.

Mai tambaya: Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma a nan ne nake jin tsoron kurme, kuma ba tsoron banza ba ne. Kamar yadda kuka faɗa, kurme riƙe numfashi ne, mu kuwa doka ta farko da mudarrib, wato mai koya mana, ya dinga nanata mana tun ranar farko ita ce kar ka taɓa riƙe numfashi, ko na ɗan lokaci. Dalili shi ne duk mita 10 da ka sauka nauyin ruwa yana ƙara maka kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu, yani a mita 10 matsin ya ninka biyu, to in ka cika huhu da iskar asɗuwana a can ƙasa ka rufe baki ka taso, iskar nan za ta yi ta kumbura har ta ninka girmanta kafin ka iso sama, huhu kuma ba zai ɗauka ba, yagewa yake yi. Mai kurme na rafi wannan bai shafe shi ba tunda a sama ya ja iskarsa, ta matse yana sauka ta dawo yadda take yana tasowa. Shi ya sa in muka kira abu biyun da suna ɗaya, yaron da ya saba kurme zai zo da ɗabi'arsa ta riƙe numfashi, kuma ita ce za ta cutar da shi. Na ga hakan da idona, akwai wani a ajinmu da ya iya ruwa fiye da mu duka amma shi ya fi shan wahala, sai da mudarrib ya sa shi ya riƙa yin ɗan gunji a maƙogwaro yana tasowa don iska ta riƙa fita.

Hajiya daga Makka: To ɗana tunda goya abin kuke yi ku ce nutson goyo mana, ko nutson tukunya, ba tukunyar gas muke cewa ba?

Ɗan Karantina: Hajiya goyo kam za a ɗauka da jariri aka shiga ruwa. Tukunyar oksijin dai ta fi.

Mai tambaya: A'a fa, ba oksijin ba ne a ciki, wannan kuskuren kowa yana yinsa har ni kafin in fara. Iskar da muke shaƙa ce kullum aka tace aka danna ta, kashi 21 oksijin, saura kusan duk naitirojin. Ana cika ta zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), kuma ana so ka fito da saura bar 50. Oksijin zalla guba ne in an yi zurfi da shi. Naitirojin ɗin ma shi ne dalilin da ya sa ba a tasowa da gudu, sai a hankali, a tsaya a mita 5 na minti 3, kuma in ka yi nutso fiye da ɗaya ba ka hawa jirgin sama sai bayan awa 18. Tukunya ba laifi Hajiya, sai dai kunne yana jinta ya tafi kicin.

Ɗan Sarkawa daga Bur Sudan: Salam 'yan'uwa, na biyo zancen tun daga farko. Mu gidan ruwa ne, kakanninmu daga wajen Kabi suka taso, kuma nan gaban garinmu akwai wuraren da masu wannan harka ke zuwa daga ko'ina, Sanganeb da jirgin Italiya Umbria da aka nutsar a 1940, ga Sha'ab Rumi inda Bafaranshen nan Cousteau ya gina ɗakuna ƙarƙashin ruwa a 1963 mutanensa suka yi wata guda a ciki. Shi ne ma da wani injiniya Gagnan suka ƙera abin zuƙar iskar a 1943. Shawarata ita ce gora. Masunci a Argungu da gora yake shiga ruwa, ita ce abokiyar rayuwarsa, in ya rabu da ita ya shiga uku. Taku ma haka take, bambancin kawai tamu tana riƙe mutum a sama taku tana raka shi ƙasa. Kuma Bahaushe ya riga ya san gora abin zuba wani abu ne a tafi da shi, gorar ruwa, gorar nono. Ku ce gorar iska, aikin kuma nutson gora.

Kawu daga Madina: Wannan ta shiga kunne. Kurme a bar wa mai riƙe numfashi, nutson gora na mai numfashi. Mai yi fa?

Ɗan Sarkawa daga Bur Sudan: Ɗan nutso ya isa Kawu. Abin da ake sa wa a baki kuma mazuƙi.

Mai tambaya: Mazuƙi! Wallahi ta zauna daram, dama ita ma ina nemanta, mun yi ta cewa munazzim. Na karɓa, nutson gora, in ana son cikakken bayani a ce nutso da gorar iska. Na ƙafa kuma ni dai ƙafar agwagwa nake ce musu, in akwai wanda ya fi a kawo. Yanzun nan na tura wa Inna saƙon murya na ce mata nutson gora nake koyo, gora ce ta ƙarfe cike da iska a bayana, kuma ba a taɓa shiga sai mutum biyu kowa yana duba ɗan'uwansa. Ta amsa ta ce to Allah ya tsare, amma in tabbata kullum na duba gorar ta cika kafin in shiga. Ranar Juma'a bayan masallaci muna da fita, akwai yara biyu 'yan unguwarmu da za su fara a masbah, da waɗannan kalmomin zan yi musu bayani in ga ko sun kama.